Yadda ake tatsar man sagebrush ba tare da ya bi iska ba

Wanda ya san ƙanshin tazargade ba zai yi baƙunta da wannan tsiro ba, domin danginsu ɗaya. Sagebrush shi ne ɗan itacen nan mai ruwan toka da ya mamaye dajin Nebada, Yuta da Aidaho a yammacin Amurka. Dubi bakin ganyen: haƙora uku za ka gani. In babu su, ba shi ba ne, bar shi.

Kafin ka sa almakashi, ka san na wa kake taɓawa. Ƙabilun Payut da Shoshon, 'yan asalin yankin, sun daɗe suna dafa ganyensa don mura da tari, suna sirace da shi, suna turara ɗaki da hayaƙinsa. Ɓawonsa kuma su murza igiya. Takalman da aka tono a kogon Fort Rock na jihar Origon a 1938, da ɓawon nan aka saƙa su, sun haura shekara 9,000. Su ba su tatsi mai ba, wannan dabarar daga baya ta zo. Saboda haka yanki kan rassa kawai, kamar tsawon tafin hannu. In ka sare shi daga gindi ba ya sake tohuwa. Ƙasar gwamnati ce? Nemi izini tukuna.

Ni a ƙarshen bazara nake yanka, da hantsi bayan raɓa ta ɗauke. Baza ganyen a inuwa kwana ɗaya ya yi laushi. Tukunyar jan ƙarfe tana da tsada. Ta silba mai murfi mai kamawa ta ishe ka. Ɗora ganyen a kan rariya, sama da ruwan, kada ya jiƙa. Cika shi sosai, amma kar ka danne har tururi ya rasa hanya.

Ga inda sababbin hannu ke faɗuwa, ni ma nan na yi asarar buhu guda: ruwan sanyaya bututun da tururi ke bi daga tukunya har ya ɗiga. Ka manta da shi ya yi zafi, sai gida ya game da ƙanshi, kana murna, alhali manka ne ke tafiya. Sai wani ya ce to bari in zuba ƙanƙara. Nan ma kuskure ne. Man nan yana da kafur da yawa, sanyi mai tsanani na daskarar da shi cikin bututun ya toshe, kuma tukunya mai toshewa a kan wuta haɗari ce. Ruwan famfo ya wadatar. Riƙa tsoma yatsa, da ka ji ɗumi ka canja. Wuta kaɗan-kaɗan, ɗigo ɗaya bayan ɗaya.

Bayan kamar awa 2 sauke. Man zai taso saman ruwan da ya ɗiga, ɗan kaɗan ne, tsotse shi da sirinji zuwa baƙar kwalba. Ba a shan sa. Kafin shafawa a gauraya da man zaitun, mai juna biyu da yara kuma su nisance shi.