Yadda ake shigar da ciniki a kwamfutar shago a fitar da fatura (rasit)

'Yan'uwa da suka fara aikin kanti a Makka da Jidda sun yi ta tambayata wannan, to ga shi a jere.

1. Shiga manhajar shagon da sunanka da lambar sirrinka. Kada ka ari na abokin aiki, domin in kuɗi ya ɓace sunan da ya shiga za a nema.

2. Haska lambar jikin kowane kaya da na'urar karantawa.

3. Gyara adadin idan mai saye ya ɗauki fiye da ɗaya.

4. Duba cewa harajin sayen kaya, wato VAT, kashi 15 cikin ɗari, ya fito a jimla.

5. Idan kamfani ne ke saye, shigar da lambar harajinsa mai alƙaluma 15.

6. Zaɓi hanyar biya: tsaba ko katin Mada (katin banki na Saudiyya).

Hattara: a nan aka fi tuntuɓe, musamman lokacin cunkoson alhazai. Ka danna tsaba alhali da kati aka biya, da dare lissafin aljihun tebur ba zai yi daidai ba, kai kuma za a tuhuma.

7. Jira na'urar kati ta nuna an karɓa kafin ka rufe cinikin.

8. Buga faturar.

9. Tabbatar alamar QR (murabba'in da ake haskawa da waya) ta fito, don hukumar harajin Saudiyya, ZATCA, ta wajabta ta.

10. In ka gano kuskure daga baya, kada ka yi ƙoƙarin goge faturar. Fitar da takardar mayar da kuɗi mai ɗauke da lambar faturar, kayan su koma lissafin sito.