Yadda ake kaɗa bulus da jita irin na mawaƙan kantiri

Mawaƙan kantiri (country, salon waƙar karkara) na Amurka masu gauraya salon kiɗan bulus (blues) da na rok (rock) sukan ɗora waƙa kan zagaye mai gaɓa 12, kowace gaɓa bugu huɗu. E, A da B7 sunayen haɗin sauti ne (chords), waɗanda ake samu ta danne tsirkiyoyi da yatsun hannun hagu. Yi gaɓa huɗu a E, biyu a A, biyu a E, ɗaya a B7, ɗaya a A, ka rufe da biyu a E. Kwantar da gefen tafin hannun dama kan gindin tsirkiyoyi, sauti zai fito a dunƙule. In ka danne da yawa, ya mutu murus. Ƙarfafa bugu na biyu da na huɗu, nan ganga take sauka.

Bushewar hunturun Kano kuwa tsaga katakon jita take yi. Sa jiƙaƙƙen soso cikin leda mai huji a akwatinta, kada ruwa ya taɓa katakon.