Ka sayi mota mai turbo? Ga yadda zaka lallaɓa ta

Turbo da hayaƙin salansa yake juyawa yana tura iska cikin inji, shi yasa ƙaramin inji ke ja kamar babba. Da safe kar ka tayar ka hau taka totur, tafi a hankali har inji ya ɗau zafi, in kuma ka dawo daga doguwar tafiya barta a silo minti 1 ko 2 kafin ka kashe, don baƙin mai ke sanyaya turbon. Maganar baƙin mai kuwa malam ba wasa, sa wanda littafin motar ya ce, juye kan lokaci. Lokacin hunturu riƙa duba filtar iska, ƙura ce ajalin turbo. Ka ga shuɗin hayaƙi? Sai gareji.