Kurakuran da suka cinye jarin ƙananan 'yan kasuwa lokacin Korona

Da aka kulle Kano a watan Afrilun 2020, aka kuma hana zirga-zirga tsakanin jihohi har zuwa farkon Yuli, garuruwan da ke dogaro da kasuwar mako sun ji jiki. A Wudil, idan kasuwar Juma'a ba ta ci ba, mai shayi da tela da mai tireda duk zaman banza ya same su. Sai dai dokar kulle ba ita kaɗai ta rufe shaguna ba, wasu kurakuran sun riga ta zuwa.

Babba a cikinsu shi ne haɗa jari da kuɗin cefane a aljihu ɗaya. Idan ana ciniki kullum ba a ganin illarsa, domin na yau yana rufe ɓarnar jiya. Da ciniki ya tsaya, sai a riƙa zarar na abinci daga uwar kuɗi, ranar da aka buɗe gari kuma babu na saro kaya. Maganinsa ka yanka wa kanka abin da za ka ɗauka kullum, sauran ya zauna daban, ko a asusun banki ko a hannun wanda kake jin nauyin tambaya. A lokacin wadata kuma ka riƙa tara abin da zai riƙe gida wata guda.

Sai bashi, wanda a ƙaramin gari ya fi ko'ina wuya, tunda mai zuwa karɓa ko ɗan'uwa ne ko suruki ko abokin sahun masallaci. "Ba ni mudu biyu, in an buɗe gari zan kawo." Hana shi ba zai yiwu ba, kuma ban ce a hana ba. Amma a rubuta a littafi a gabansa, a sa wa kowa iyaka, kada a ƙara sabo sai an rage tsoho. Kunyar rubutawa ta karya mutane da yawa.

Azumin shekarar ya kama cikin kulle. Wanda ya zuba duk jarinsa a shadda da atamfa da takalman Sallah ya zauna yana kaɗe musu ƙura, alhali gero da sabulu da man gyaɗa ba su daina fita ba. Telolin da suka koma ɗinkin takunkumi sun samu na tuwo. Da ka ji ƙishin-ƙishin annoba, karkatar da wani kaso zuwa kayan masarufi, ka kuma karɓi lambobin wayar masu sayenka domin ɗan acaba ya kai musu har gida.

Akwai kuma rancen da Babban Bankin Najeriya ya fito da shi a 2020, na naira biliyan 50 ta hannun bankin NIRSAL. Mutane da yawa sun ɗauke shi rabon gwamnati, wasu suka yi biki ko suka sayi babur, wasu suka bar wa 'yan tsakiya kaso mai tsoka. Daga baya aka bi lambar BVN, wato lambar tantance mai asusun banki, ana cire kuɗin daga asusunsu. Kafin ka sa hannu a kan kowane rance, tambayi kuɗin ruwa nawa ne da ranar fara biya, kuma kada ka ba kowa lambarka ya cike maka.