Yadda Za A Koyar Da Darasin Sarauniya Elizabeth Ta Ɗaya Ba Tare Da An Ruɗa Ɗalibai Ba

Malamin tarihi da zai gabatar da mulkin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ga ɗalibai a nan Bauchi, kuskuren da ya kamata ya fara kauce wa shi ne raba darasin gida biyu, wato batun halaccin haihuwarta daban, rikicin addini daban. A Ingila ta 1558, shekarar da ta hau mulki, magana ɗaya ce, domin wanda yake bin Fafaroma yana ganin sarauniyar haihuwar gaba da fatiha ce, wanda ya rabu da Fafaroma kuwa yana ganinta 'yar halak.

Ka fara da salsalar gidan sarautar a kan allo kafin ka ambaci kowace doka. Rubuta Sarki Henry na Takwas a sama, ka jero 'ya'yansa uku da iyayensu mata: Mary 'yar Catherine, Elizabeth 'yar Anne Boleyn, sai Edward ɗan Jane Seymour. Daga nan ka bayyana cewa Henry ya nemi Fafaroma ya warware aurensa da Catherine, aka ƙi, shi kuwa ya auri Anne, aka haifi Elizabeth a 1533 Catherine tana da rai, ya kuma fitar da cocin Ingila daga ikon Roma a 1534. A nan sai ka dakata sosai, domin ɗalibanmu sun tashi inda saki da ƙara aure ba baƙon abu ba ne, sai an fahimtar da su cewa a shari'ar Katolika auren farko yana nan daram, na biyun kuwa ba aure ba ne.

Abin da ya ƙara dagula lamarin daga uban nata ya fito. A 1536 aka fille kan Anne, majalisa ta yi doka cewa Elizabeth ba 'yar halak ba ce. A 1544 wata dokar ta mayar da ita cikin magada, amma ba ta wanke mata tabon ba. Na taɓa kaiwa nan a aji, wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to wadda ba 'yar halak ba ta yaya ta ci gadon sarauta?" Wannan tambayar ita ce darasin gaba ɗaya, kuma idan ba wanda ya yi ta, kai ka jefa musu ita. Amsar ita ce dokar majalisa da wasiyyar Henry ne suka ɗora ta, shi ya sa masu adawa suka samu kafa. Kana iya kawo misalin yadda sarautar Bauchi ke zagawa tsakanin zuriyar Malam Yakubu don su gane nauyin jini, amma kada ka ja kwatancen da nisa, tsarin ba ɗaya ba ne.

Sai ka ƙara reshe guda a allon: Margaret, yayar Henry, da jikarta Mary ta Sikotlan, 'yar Katolika mai auren yariman Faransa. Ba wanda ke shakkar haihuwarta, don haka duk mai neman kawar da Elizabeth yana da wadda zai ɗora.

Mulkin Edward daga 1547 da na Mary 'yar Catherine daga 1553 ba sa bukatar dogon bayani. Ya isa ka ce ƙasar ta koma Furotesta, ta sake komawa Katolika, aka ƙone 'yan Furotesta kusan 300 a zamanin Mary. Inda za ka zauna shi ne sulhun 1559. Nuna musu cewa Elizabeth, tana da shekara 25, ta karɓi laƙabin babbar mai kula da coci maimakon shugabar coci irin na mahaifinta, cewa dokar haɗa kan ibada ta tsallake majalisar manya da ratar ƙuri'a 3 kacal, kuma wanda ya ƙi zuwa coci ranar Lahadi tararsa sule ɗaya. Kusan dukkan bishof-bishof ɗin da ta gada sun ƙi yi mata rantsuwar biyayya, aka tuɓe su. A ganina ɗalibi ya fi riƙe waɗannan ƙananan bayanai fiye da dogon yabon hikimarta.

Tun da ajinka ya haɗa Musulmi da Kirista, ka hana kowa mayar da Katolika da Furotesta na ƙarni na 16 sunayen ɗariƙu ko coci-cocin unguwarsu. Da zarar an fara haka, tarihi ya tashi, musu ya zauna.

Ragowar shekarun ka sa su jera da kansu a littafi: gudun Mary ta Sikotlan zuwa Ingila a 1568, tawayen manyan arewacin ƙasar a 1569, sanarwar Fafaroma Pius na Biyar a 1570 da ta kori Elizabeth daga coci ta kuma sauke wa talakawanta nauyin yi mata biyayya, kashe Mary a 1587, da harin jiragen ruwan Sifaniya a 1588. A gefen kowace shekara su rubuta wanda ake son tsigewa da wadda ake son naɗawa. Aikin gida kuma su rubuta shafi ɗaya a kan dalilin da ya sa sarautar ta faɗa hannun James, ɗan Mary ɗin da aka kashe, bayan Elizabeth ta rasu a 1603 ba aure ba haihuwa.