Yadda za ka kama ɗaki a Tokyo ka ci ka ƙoshi ba tare da guzurinka ya ƙare ba

Kuɗin hayar wata-wata ba shi ne ke karya baƙo a Tokyo ba. Abin da ke karya shi shi ne kuɗin da ake zubewa kafin a miƙa masa mabuɗi, wanda kan kai hayar wata huɗu zuwa shida a lokaci guda. Saboda haka duk lissafinka ya fara daga nan.

Mataki na farko: kada ka kama gida daga saukarka. Nemi ɗaki a gidan haɗaka tukuna, inda kowa ke da ɗakinsa amma ana raba kicin da banɗaki. Oakhouse da Sakura House suna cikin kamfanonin da suka saba da baƙi. Za ka tarar da gado da firji da intanet, kuma ba a neman mai tsaya maka. Wata biyu ko uku a nan sun isa ka gane gari.

Na biyu: yi rajistar adireshi. A filin jirgin Narita ko Haneda za a ba ka katin zama, wanda suke kira zairyu. Da ka sami wurin zama, kana da kwana 14 ka kai katin ofishin gundumarku a rubuta adireshin a bayansa. Idan ba kamfani ne ya saka ka a inshorarsa ba, shiga inshorar lafiya ta ƙasa a ranar, don da ita kashi 30 cikin ɗari kawai za ka riƙa biya a asibiti. Daga nan ka yi layin waya da asusun banki. Bankin gidan waya, Yucho, ya fi sauƙin karɓar sabon zuwa. Ba dillalin da zai saurare ka in babu waɗannan.

Na uku: san abin da dillali zai lissafa maka. Nan ne ya kamata ka natsu. Akwai shikikin, kuɗin ajiya na wata ɗaya ko biyu, da ake mayar maka in za ka tashi bayan an cire na shara da gyara. Akwai reikin, wanda kamar kuɗin goro ne ga mai gida: ka ba shi, ya tafi ke nan. Dillali zai karɓi ladansa, har zuwa hayar wata ɗaya da haraji a kai. Kamfanin da zai tsaya maka a matsayin lamuni yakan ɗauki rabin hayar wata ko cikakkiya. Sai inshorar gobara, da kuɗin sauya kwaɗo, da hayar watan farko. Ɗakin yen 70,000 yana iya cin sama da yen 300,000 kafin ka kwana a ciki. Kuma yarjejeniyar ta shekara biyu ce. In za ka sabunta, a Tokyo yawanci sai ka ƙara biyan hayar wata guda.

Tun a waya ka tambayi dillali ko mai gidan yana karɓar baƙon ƙasa. Wasu ba sa karɓa, kuma gara ka ji tun kafin ka ɓata kuɗin jirgin ƙasa zuwa duba ɗakin.

A ganina, wanda ke da albashi tsayayye ya fara leƙa gidajen UR, hukumar gidajen haya ta gwamnatin Japan. Babu reikin, babu ladan dillali, babu kuɗin sabuntawa, babu neman lamuni. Ajiyar wata biyu ce kawai, sai shaidar cewa samunka ya kai abin da suka ƙayyade. Yawancin gine-ginen tsofaffi ne, wasu da ɗan nisa daga tasha, amma sun fi fili.

Na huɗu: zaɓi unguwa. Minato da Shibuya da Chiyoda na masu hannu da shuni ne. Adachi da Katsushika da Edogawa sun fi sauƙi, haka ma Saitama da Chiba da ke maƙwabtaka. Nisa ba abin tsoro ba ne sosai, domin yawancin kamfanoni su ke biyan tikitin jirgin ma'aikaci na zuwa aiki. Ɗakin da ke minti goma sha biyar a ƙafa daga tasha ya fi na bakin tasha araha ƙwarai. Duba kuma irin gas ɗin gidan: na bututun gari ya fi na tukunya arha, kuma a lokacin sanyi za ka ji bambancin a aljihunka. In da hali, kauce wa neman gida daga Janairu zuwa Maris, lokacin da ɗalibai da sababbin ma'aikata ke rububin ɗakuna.

Ɗakin fanko za ka same shi, wani ko fitilar sama babu. Kayan hannu na da kyau a shagunan 2nd Street da Off House, ƙananan tarkace kuma a Daiso. Kada ka tara kaya masu nauyi, don zubar da katifa ko kujera ma sai ka sayi tikiti ka manna mata.

Na biyar: ɗora tukunya. Shagunan 7-Eleven da Lawson da FamilyMart suna buɗe dare da rana, amma wanda ya mayar da su kicin ɗinsa zai ga albashi na zurarewa. Cefane a manyan kantunan Gyomu Super ko OK Store ya fi. A Gyomu ana yawan samun daskararriyar kaza mai tambarin halal. Da dare, gab da rufe manyan kantuna, ana manna wa kifi da dafaffen abinci takardar ragi. Alamar 半額 tana nufin rabin kuɗi. Shinkafa ta yi tsada, a 2025 kilo biyar ya wuce yen 4,000, don haka taliya da dankali da wake su shigo cikin tsarin.

Naman halal da kayan yaji suna nan a shagunan da ke kusa da tashar Shin-Okubo, da kuma kantin masallacin Tokyo Camii a Yoyogi-Uehara. Haddace alamu biyu a jikin kwali: 豚 alade, 酒 giya. Kula da mirin ma, wani ruwan girki ne mai giya a ciki da ke shiga miya da yawa. Harajin abincin da ka saya ka tafi da shi kashi 8 ne, na ci a wurin kashi 10.

Na ƙarshe: ware kuɗin shekara ta biyu. Ɗalibi mai izinin aiki awa 28 kawai doka ta ba shi a mako, kada ya gina hayarsa a kan fiye da haka. Ma'aikaci kuma ya sani cewa harajin mazauna, kusan kashi 10 na samunsa na bara bayan an cire rangwame, ba ya zuwa a shekarar farko. A watan Yuni na shekara ta biyu yake fara faɗowa, kuɗin inshorar lafiya ta ƙasa ma yana tashi da samun bara. Tun daga albashin farko ka riƙa ajiye wani abu a gefe dominsu.