Yadda Za Ka Gane Cutar Bairos a Tumatir

Manoman rani sun yi ta tambaya, ga yadda ake yi:

1. Ka shiga gona da sassafe.
2. Duba sabbin ganyen sama.
3. In sun ƙanƙance, sun nannaɗe, gefensu ya yi rawaya, cutar naɗewar ganye ce.
4. Juya ganyen. Farin ƙuda a bayansa, shi ke yaɗa ta.
5. In ganyen dabbare-dabbare ne, kore da fari-fari, wata cutar bairos ce da ake kira mozayik.

Hattara: ƙarancin taki ma yana kawo rawaya, amma yawanci daga tsofaffin ganyen ƙasa yake farawa. A nan ake yawan ruɗewa.

6. Tuge shukar da ta kamu, feshi ba ya warkar da ita.
7. Binne ta nesa da gona.
8. Wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa wata.
9. Kai wa malamin gona ganye ya tabbatar.